Ja-da-baya a Gidan Zane

Duk layin kasuwar ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ja-da-baya ake ce masa, yara da manya, har matarsa idan ta so tsokanarsa. Mai zanen allon shago ne, kuma daga yadda yake aiki ya samo sunan. Sai ya manna hanci a jikin allo kamar mai sansanar nama, ya ja burushi, ya sake ja, sannan ba sallama ba waiwaye ya kama tafiya da baya, idonsa na kan aikin, har ya tsallaka titi ya tsaya a bakin shagon mai gyaran rediyo. Daga can yake yanke hukunci, ya yi ko bai yi ba. Masu babur na unguwar sun san shi, su ke kauce masa. Baƙo ne ke taka birki ya zazzaga masa zagi, shi kuwa ko a jikinsa. Wata rana wani mai keke ya kwashe shi ya watsar a tsakiyar titi. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya ce wa mai keken ya matsa gefe, ya tare masa allo.

Ubansa tela ne, ya so ya gaji keken ɗinki. Ina! Allin da ake shata yadi da shi yake kwashewa ya je bayan ƙofa yana zana motoci. An dake shi har masu dukan suka gaji. Da ya tasa sai ya tattara ya koma garejin manyan motoci, wurin wani tsoho mai zana zaki da jirgin sama a bayan tirela, ya yi ta wanke masa burushi da kananzir kafin a yarda ya taɓa gwangwanin fenti. Daga nan bai sake waiwayar allura ba.

Rabin shagunan garin hannunsa ne a goshinsu. Kan mutum a ƙofar mai aski, kifi a ƙofar mai ƙanƙara, haƙori ƙato da jijiyoyinsa a ƙofar mai cire haƙori, wanda yara ke gudu idan sun gani. Abin da ya fi taƙama da shi kwalbar lemo ce mai raɓa a jiki. Yakan ce idan mai wucewa bai haɗiyi yawu ba, to a goge a sake. Da wannan burushin ya yi aure, ya ciyar da gida, ya kai 'ya'yansa makaranta har autarsu ta zama nas.

Sai masu kwamfuta suka zo da injin da ke tofo hoto a kan leda. Ka kai da safe, ka karɓa kafin azahar. Masu shago suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har mai askin da suka yi shekaru suna shan shayi tare. Abokai suka ce ya je ya koya, ai ba wuya. Ya ce shi ya zauna yana danna maɓalli kamar mai kashe kwarkwata? Allah ya kiyaye. Ya ce su bari rana ta lashe ledar tasu, za su dawo. Rana ta lashe kuwa, amma ba su dawo ba, wata ledar suka sake bugawa. Taurin kai ne? Taurin kai ne mana, wa ya ce ba shi ba ne. Amma kullum sai ya buɗe shagon nan, ya jera gwangwanayensa, ya wanke burusai ko da bai yi aiki da su ba. Ko da matarsa ta rasu, da aka gama zaman makoki shagon ya nufa.

Ido kuma ya fara ba shi matsala, ya ƙi faɗa wa kowa. Ya zuba shayi a gefen kofi ya ce teburin ne ya karkace. Ya gaida turken wutar lantarki da yamma ya ce wasa yake. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ce: “Idona garau.” Sai ranar da ya nemi matakin tsani da ƙafa bai same shi ba, ya sauko gaba ɗaya da gwangwanin shuɗi a ƙirji. Mai rediyo ne ya buga wa Auta waya a ɓoye. Tana aiki a asibitin wani ƙaramin gari a ƙasar waje, can ta yi aure, mijinta direban babbar mota ne da ba ya cika zama a gida. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta haɗa shi da yayyenta. Da ƙyar ya yarda ya hau jirgi, kuma ya gaya wa duk layin cewa ziyara kawai zai je.

Garin ba wani babba ba ne. Sanyi, tsit, kowa ya rufe ƙofarsa. Auta ta kai shi wurin likitan ido, wani siririn mutum mai sanyin hannu, ya haska masa fitila, ya sa shi leƙa cikin injina kala-kala. Sannan ya juya ya yi wa Auta doguwar magana da yarensu. Ita kuma ta juyo ta ce, “Baba, ya ce za a yi maka ɗan aiki, ba wani abu ba ne.”

“Ke Auta, maganarsa ta fi taki tsawo. Faɗa min duka.”

Ta sunkuyar da kai ta faɗa. Na hagu ya riga ya mutu, ba abin da za a yi masa. Na dama akwai yana a kansa, jijiyarsa kuma ta yi rauni ƙwarai. Idan an bar shi zai mutu a hankali. Idan an yi aikin, ko dai ya buɗe, ko kuma ɗan hasken da ya rage ya ɗauke gaba ɗaya. Likita ba zai yi alkawarin komai ba.

Ja-da-baya ya gyara zaman hularsa ya ce, “A yi.”

A hanyar komawa gida suna cikin bas, ya ga wani abu mai launi ya rufe gaban wani tsohon gini, ja da ruwan ƙasa sun cakuɗe. Ya tambaya. Auta ta ce gidan da ake ajiye zane-zanen mutanen yankin ne, tsofaffi, na da.

“Zanen hannu?”

“Na hannu.”

“Da burushi? Gida guda, ba a sayar da komai a ciki, zane kawai?”

“Haka na ji.”

“Kika ji? Ba ki taɓa shiga ba?”

Ta ce ina ta ga lokaci, daga asibiti sai gida. Ya daɗe yana kallon inda yake zaton fuskarta take. 'Yar mai fenti, an raine ta da kuɗin burushi, ga gidan zane a bakin hanyarta kullum, ko leƙawa! Ya ce ta kai shi. Ta ce to, bayan aiki. Washegari ya sake faɗa, ta ce likita ya ce ya huta, kada iska ta taɓa idon, bayan aiki in Allah ya yarda. Kullum sai ta ɗiga masa magani ta lulluɓe masa ƙafa da bargo kamar jariri, kullum amsar ita ce bayan aiki. Shi kuwa ya ji abin da likita ya ce da kunnensa, ya san me bayan aikin nan zai iya zama.

Ana gobe za a yi aikin, Auta ta fita da safe. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jera masa dokoki: kada ya fita, kada ya buɗe wa kowa, kada ya taɓa murhu, ga wayarsa a aljihu, maɓallin farko ita ce. Ya ce to, to, Allah ya tsare. Yana jin ƙarar takalminta ta ɓace a matakala ya yaye bargon. Ya sa rigarsa mai kyau, wadda bai taɓa bari fenti ya ɗiga mata ba, ya lalubi mabuɗin da ke rataye bayan ƙofa ya fita.

Ba ya iya karanta ko harafi ɗaya na rubutunsu daga nesa, amma mai zanen allo da launin shaguna yake gane titi. Ya riƙe su tun daga cikin bas. Gidan burodi mai rawayar fuska, kantin magani mai koren haske, shagon takalma da aka shafa wa wani ja mai arha wanda shi ba zai shafa wa ko kejin kaji ba. Ya bi gefen titi yana shafa bango da yatsa, ya jira ya ji mutane sun motsa kafin ya tsallaka tare da su. Gabansa na faɗuwa, ba ƙarya. Amma ya isa. Matar da ke teburin shiga ta dubi furfurarsa, ta yi masa wata magana, ta nuna masa ƙofar shiga da hannu, ya ce mata na gode da Hausa ya wuce.

Ciki shiru kamar asibiti. Ƙamshin man goge daɓe kawai ke tashi, ba warin fenti ko kaɗan, abin ya ɗan ɓata masa rai. Ɗakunan farko ƙananan hotuna ne na mutane cikin baƙaƙen kaya, ya wuce su. Sai ya shiga wani babban ɗaki, ya ji ƙafarsa ta tsaya da kanta. Bango guda zane ɗaya ne, ya fi bayan tirela faɗi, a cikin firam mai ruwan zinari. Bai san me aka zana ba. Haske ne a sama, duhu a ƙasa, wani abu mai sheƙi ya ratsa tsakiya.

Ya nufe shi kai tsaye, hanci a gaba, yadda ya saba. Ashe akwai baƙin layi a ƙasa wanda ba a tsallakawa, shi bai gan shi ba. Ƙararrawa ta ƙwala ihu. Mai gadin ɗakin, wata ƙaƙƙarfar mace mai furfura cikin baƙar kwat, ta taso da sauri tana nuna masa ƙasa. Ya dafa ƙirji ya ba ta haƙuri, ya koma bayan layin. Daga nan kuwa ba ya ganin komai sai hazo-hazo.

To sai ya yi abin da ya yi duk rayuwarsa. Ya kafa ido a kan zanen ya fara ja da baya. A titinsu masu babur ke kauce masa, a nan kuwa wa ya san shi? Ya yi baya, ya yi baya, sai ji ya yi ƙugunsa ya daki wani abu. Wani dogon teburi ne siriri, da kan mutum na farin dutse a samansa. Kan ya yi tangal-tangal, wata mata ta saki ƙara, mai gadin nan ta yi tsalle ta rungume shi a ƙirji kamar an jefo mata jariri. Ɗakin ya yi tsit.

Ja-da-baya bai ko juya ba. Ba rashin kunya ba ne. Abin da ke gabansa ne ya kashe masa jiki. Nan ne daidai inda ya kamata zane ya haɗu, nan ne bakin shagon mai rediyo, inda yake tsayawa ya ga aiki gaba ɗayansa. Ya buɗe idon, ya matse shi, ya goge da bayan hannu. Ba komai. Toka-toka a cikin rawaya, shi ke nan. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a gaban likita. Ya ce a ransa, ashe dai idon ya tafi. Abin da ya rage masa bai fi faɗin tafin hannu ba, shi ma sai ya kai hanci.

Wani mutum mai laktaye ya fito daga ofis, da gani shi ne babba a wurin. Shi da mai gadin suka yi ta magana suna nuna masa hanyar fita, cikin ladabi dai, amma kora ce. Ja-da-baya ya lalubi bencin da ke tsakiyar ɗakin ya zauna, ya harɗe hannu a ƙirji.

“Ba inda zan je,” ya ce musu. “Ban fasa muku komai ba. Zane na zo gani, kuma ban gani ba tukuna.”

Suka yi nasu yaren, ya yi nasa. Mai laktaye ya taɓa masa kafaɗa, ya ture hannun. Da abin ya ƙi ƙarewa sai ya zaro wayar ya danna maɓallin farko ya miƙa musu.

Auta ta shigo da kayan aikinta a jiki, gyale a wuya, tana haki. Ta fara da ba su haƙuri, ta ba wannan ta ba wancan, sannan ta durƙusa a gabansa tana magana ƙasa-ƙasa, haƙora a cije.

“Baba, me na yi maka? So kake a kira mana 'yan sanda? A garin nan nake aiki fa, mutanen nan marasa lafiyata ne. Da mota ta buge ka a hanya me zan gaya wa su Yaya? Tashi mu tafi, don Allah. Na ce zan kawo ka bayan aiki.”

“Bayan aiki da wane idon?”

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

“Ke nas ce, kin fi ni sanin abin da likitan nan ya faɗa. Tun ina yaro nake shafa fenti a jikin katako da ƙarfe don wani ya sayar da sabulu. Ban taɓa ganin zanen da aka yi don a kalle shi kawai ba. Ga shi a gabana, yau ce ranar da na tabbata ina da ido, ki ce in tashi? Wallahi sai dai su ɗauke ni da bencin.”

“Baba, doka ce. Ba a tsallaka layin.”

“Me suke tsoro? Hannu ne ko? Kada in taɓa musu. To ki ce su ɗaure hannun.”

Ya miƙe, ya juya wa mai laktaye baya, ya haɗa wuyan hannuwansa biyu a bayansa kamar wanda aka kama da kayan sata. Auta ta ce, “Haba Baba, haba.” Ya ce ta fassara. Ta tsaya tana kallon hannuwan nan, tsofaffi, fenti ya zauna a gefen farcen har abada. Sannan ta juya ta fara magana da mai laktaye. Da farko a hankali. Mutumin ya girgiza kai ya faɗi wani abu gajere. Sai muryar Auta ta tashi. Ja-da-baya bai san kalma ko ɗaya ba, amma ya san wannan muryar, ta uwarta ce idan mai awo ya tauye mata mudu. Ta yi ta yi, ta nuna idonsa, ta nuna zanen, ta nuna ƙofa, har masu kallo suka matso. Maganarta ta fi wadda ya ce ta fassara tsawo nesa ba kusa ba.

Mai laktaye ya tsaya yana shafa haɓa. Mai gadin ce ta faɗi wata kalma ɗaya, ta juya ta fita ba ta jira amsarsa ba. Ta dawo da ƙaramin tsani mai matakai kaɗan, ta murɗa mabuɗi a jikin bango ta kashe ƙararrawar, ta ajiye tsanin a cikin layin. Mutumin ya ɗaga hannuwa sama ya koma gefe ya tsaya.

“Sun yarda,” in ji Auta. “Sun ce ba sai an ɗaure ka ba.”

“A ɗaure.”

“Baba!”

“Na san hannuna. Bai taɓa ganin fenti ya ƙyale ba. A ɗaure kafin ya ba ni kunya.”

Ta zare gyalenta ta ɗaure masa hannu a baya, tana yi hawaye na ɗiga a kan ƙullin. Ya ce ta ƙara ja, ya yi sako-sako.

Ya hau tsanin, mai gadi ta riƙe ƙafar tsanin, Auta ta damƙe bayan rigarsa. Ya fara daga ƙuryar sama ta hagu, yadda ake fara rubutun allo, hancinsa saura ƙiris ya taɓa, yana numfashi ta gefen baki don kada ya hura wa zanen. Tafin hannu ɗaya, ya matsa, wani tafin hannun. Sararin sama ne, amma ba shuɗi ba. Akwai rawaya a ciki, akwai wani ja-ja mai datti, akwai toka, an ɗora wannan a kan wancan tun bai bushe ba. Shi da gwangwani ɗaya yake gama sama! Ya yi tsaki, na jin haushin kansa. Ya sauko, aka matsar da tsani, ya sake hawa. A tsakiyar wani gajimare ya ga wani siririn abu a kwance cikin fentin. Ya ƙura masa ido, sai ya fashe da dariya har tsanin ya girgiza.

“Ke Auta, gashin burushi! Shi ma burushinsa zubar da gashi yake, irin nawa. Bawan Allah, ashe kai ma ka sha fama.”

A hankali abin ya fara haɗuwa a kansa. Bakin kogi ne bayan an ɗauke ruwan sama. Ga jirgin fito yana tahowa daga wancan ƙetaren, mutane a tsaye a cikinsa. Ga masu jira a wannan gefen, wata mace da kwando a ƙugu, wani tsoho ya jingina da sanda, ga amalanke, dokinsa ya sunkuyar da kai, jikinsa sharkaf. Sai ya zo kan ruwan. Ya bi shi daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya dawo ya sake bi. Daga kusa ba komai ba ne sai gajerun zane-zane, fari, kore, ruwan ƙasa, an jefa su kamar da wasa. Amma ruwa ne, yana tafiya, har sanyi yake da shi. Ya tuna raɓar kwalbar lemonsa.

“Wannan ya fi ni,” ya ce.

Auta ba ta taɓa jin ya faɗi haka a kan wani mahaluki ba, rayayye ko matacce.

Ƙasan zanen sai da ya durƙusa, kuma durƙuso da hannu a ɗaure ba wasa ba ne ga tsoho. Auta da mai gadi suka kama shi ta hammata suka sauke shi a kan gwiwa. Ya bi laka, ya bi ƙafafun mutane, ya bi ƙafar amalanke. A ƙarƙashin amalanken, cikin inuwar da ta yi kusan baƙi, ya ga wata farar kaza ta fake wa ruwa, ta ɗaga ƙafa ɗaya. Ba ta kai kan ɗan yatsa ba. Mai zanen ya san ba wanda zai gan ta daga nesa, amma ya sa ta. Ja-da-baya ya daɗe a wurin yana kallonta, har gwiwoyinsa suka yi sanyi.

Da aka ɗaga shi Auta ta kwance gyalen, ta ce akwai sauran ɗakuna a sama idan yana so. Ya ce a'a, wannan ya isa, kada ya zuba wani a kai. Ya miƙa wa mai gadin hannu suka gaisa, ta riƙe hannun da nata biyu.

Aka yi aikin washegari. Da aka cire bandeji likita ya haska fitilarsa, ya sake haskawa, ya yi gajeriyar magana. Wannan karon ba a buƙaci fassara ba. Ja-da-baya yana gane inda taga take idan rana ta fito, iyakarsa ke nan.

Auta takan shiga kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta, shi kuwa yana ji sarai. 'Yan'uwa suka yi ta bugo waya daga gida da muryar ta'aziyya, sannu, sai haƙuri, haka Allah ya so. Ya ce wa babban ɗansa idan gawa suke nema su buga wata lambar, ya kashe wayar. Baƙin ciki kam ya yi shi, ba ya ɓoyewa. Akwai safiyar da ya ƙi tashi daga gado sam. Amma bai yarda kowa ya ce masa “Allah sarki” ba.

Ashe ranar nan Auta ta sayi ɗan kati mai hoton zanen a bakin ƙofar fita. Wata yamma suna zaune ta faɗa masa. Ya ce ta ɗauko ta riƙe, shi zai karanta mata. Ya jingina da kujera ya fara daga ƙuryar sama ta hagu. Ya faɗi launin gajimare, ya faɗi jirgin da masu tsayuwa a ciki, mace mai kwando, tsoho mai sanda, dokin da ya jiƙe. Tana bi da yatsa tana cewa haka ne, Baba, haka ne.

“Sai farar kaza a ƙarƙashin amalanke.”

Ya ji ta matsa kusa da fitila.

“Ba kaza a nan, Baba. Baƙi ne kawai.”

“Tana nan.”

“Wataƙila dai lokacin ka gaji, ga idon kuma...”

“Idon ne ya mutu, ba kan ba!” Ya buga hannun kujera. “Abu na ƙarshe da na gani a duniya ki ce min ban gani ba? Katin banza, hoton inji, shi za ki yarda da shi ki ƙaryata ni?”

Ta ba shi haƙuri, ta ce ta yarda, tana nan. Ya san yardar da ake yi wa mara lafiya ce, ta fi musun ciwo. Ya daina maganar. Amma abin ya zauna masa a rai, har ya fara tambayar kansa ko da gaske hazon idonsa ne ya yi masa kaza. Idan kazar ƙarya ce, to me ya rage a cikin abin da ya ɗauko?

Ranar hutunta Auta ta ce za ta je cefane. Ta daɗe. Yana zaune fuskarsa na kallon taga ya ji mabuɗi a ƙofa, ya ji takunta, bai ji ƙarar leda ko ɗaya ba. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, sanyin waje na tashi daga rigarta.

“Tana nan, Baba.”

Bai motsa ba. “Daga bayan layin kika gan ta?”

“Daga bayan layin ba a ganinta.”

“To?”

“Na tsallaka. Wani mai gadin ne yau, bai san ni ba. Ƙararrawa ta yi ta ihu, yana ta yi min magana, mutane sun zuba min ido. Na durƙusa a wurin, ban tashi ba sai da na gan ta.”

“Ta ɗaga ƙafa?”

“Ta ɗaga.”

“Wacce?”

“Ta hagu.”

Ya sauke wani dogon numfashi. Ta kifa kanta a gwiwarsa, kafaɗunta na rawa, ya lalubo kan ya dafa shi. Suka daɗe a haka.

“Akwai kuma wani mutum a cikin jirgin,” ya ce, “na wajen baya, ya sa hularsa a karkace. Ranar hutunki mai zuwa ki je ki duba.”